Wa Ke Da Faɗa-a-ji a Jami'a?

 

Da aka ce kowa a ajinmu ya kawo rubutu, na kwana biyu ban san abin da zan rubuta ba. Abin da ya ba ni batu shi ne wata gardama da aka yi a ƙofar gidanmu a hutun da ya wuce, bayan sallar isha'i. Yayana mai karatun noma a Nyankpala ya zo gida, ɗan kawunmu da ya gama jami'a a kudu yana nan, yayarmu mace mai koyon aikin jinya kuma tana jin su daga tsakar gida. Autanmu ne ya jawo maganar, wai wa ya fi kowa ƙarfi a jami'a? Ɗan kawu ya ce shugaban ɗalibai mana. Yayana ya yi dariya ya ce malamin da makinka ke hannunsa ya fi shugaban ɗalibai goma. Sai yayarmu ta ɗago murya daga ciki ta ce duk ba su gane ba, yaron da ke da lambar wayar malami, wanda shi ke sanar da aji an ɗage lacca ko an matso da gwaji, shi ne sarki. Har aka watse ba a daidaita ba.

Ni dai na riƙe maganar, don ta shafe mu. In Allah ya kai mu, baɗi ko bayan baɗi wasunmu za su shiga UDS, wasu TaTU da muka taso muna kira T-Poly, wasu kwalejin horar da malamai ta Bagabaga, wasu su gangara Kumasi ko Legon. Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido. Wanda ya shiga wuri bai san wa ake jin maganarsa ba, ko dai ya durƙusa wa wanda bai cancanta ba, ko ya taka wanda zai buƙata gobe. Kuɗin makarantar da iyayenmu ke tarawa da ƙyar a kasuwar Aboabo kuwa ba na gwaji ba ne. Shi ya sa na bi yayyenmu da suka riga mu shiga, na yi ta tambaya har wasu suka fara kauce mini a hanya. Ga abin da na tattaro.

Mu fara da kalmomi

Malamanmu sun saba mana cewa kafin a shiga mas'ala a fara yi wa kalma ta'arifi, don kada mutum biyu su yi ta musu alhali kowa da abin da yake nufi. Gardamar ƙofar gidanmu ma haka ta kasance. Kalmar "ƙarfi" ɗaya suka yi ta faɗi, amma abu uku ne a cikinta.

Na farko muƙami: kujera da suna, ana samunsa ta zaɓe ko naɗi, kuma yana da ranar ƙarewa. Na biyu iko: mutum ya iya sa abu ya same ka ko ya hana ka shi, kana so ko ba ka so. Na uku faɗa-a-ji: mutum ya yi magana a bi, alhali ba shi da sandar dukan kowa.

A unguwa ma muna ganinsu. Asambuliman yana da muƙami. Ɗan sandan da ya tare ka a kan babur ba hular kwano yana da iko. Tsohuwar nan da in mata biyu suka kaure a bakin famfo ta fito ta ce "ya isa", kowacce ta ɗauki bokitinta, ita ke da faɗa-a-ji. Wani lokaci ukun kan haɗu a kan mutum ɗaya, amma sau da yawa a rabe suke. Kuskuren sabon ɗalibi, in ji yayyenmu, shi ne da ya ga na farko sai ya ɗauka sauran biyun na biye da shi.

Me ya sa ido ke ruɗuwa a can

Ɗauki UDS, wadda ta fi kusa da mu. An kafa ta a 1992 zamanin Rawlings, ta fara karatu a Nyankpala a watan Satumba na 1993 da ɗaliban noma da ba su wuce 40 ba. Yau dubbai ne, wasu a Nyankpala, wasu a Dungu, wasu a cikin gari, har rassanta na Wa da Navrongo sun girma sun zama jami'o'i masu cin gashin kansu bayan dokar 2019.

Mutum 40 kowa ya san halin kowa, kamar ajinmu. Wanda ya ci bashi bai biya ba an san shi. Amma in an kai dubbai, ba ka da lokacin sanin hali, sai ka koma karanta alama: wa hotonsa ke jikin bango, wa ke da sabon babur, wa mutane ke bi a baya in yana tafiya. Alama kuwa ana iya sayenta.

Masu muƙami

Abin da sabon ɗalibi ke fara gani shi ne majalisar wakilan ɗalibai, SRC. Tana da shugaba da mataimaki, da sakatare, da ma'aji, da kwamishinar mata. Ba wasan yara ba ne. Kowane ɗalibi yana biyan kuɗin SRC tare da kuɗin makaranta, to ka lissafa abin da ke taruwa in ɗalibai sun kai dubbai. Ɗalibai kuma na da wakili a majalisar da ke gudanar da jami'a, yana zama tebur ɗaya da furofesoshi.

Zaɓenta kamar zaɓen ƙasa yake. Ana sayen fom, kwamiti ya tantance ɗan takara, a duba makinsa, a yi daren karanta alƙawura a gaban jama'a. Fosta ko'ina, har jikin bishiyar darbejiya. Ɗan takara yana bi ɗaki-ɗaki cikin kwat da rana tsaka, yana gaida wanda jiya ko kallonsa bai yi ba.

Da na tambayi yadda ɗalibai ke kallon wannan kujera, na lura amsar tana canjawa da shekarun mutum a makaranta. 'Yan shekarar farko suna ganin shugaban SRC kamar Yaa Naa. 'Yan shekara ta uku da ta huɗu kuwa sun ga shugabanni biyu ko uku sun hau sun sauka, sai su ce maka a auna shi da abu ɗaya: ran da ruwa ya yanke a ɗakunan kwana, ko aka ƙara kuɗi, ko aka hana wanda bai gama biya ba shiga jarrabawa, ya iya shiga ofis ya fito da wani abu? Wanda ya iya, ana tuna shi. Wanda bai iya ba, shekara ɗaya ce, fostarsa ma ruwan sama ke wanke ta.

Yayarmu ta ƙara wani abu. Ta ce ka duba fostocin da kyau, za ka ga galibi namiji ne a gaba, mace tana gefensa a matsayin mataimakiya ko ma'aji. Wai ana yarda mace ta riƙe kuɗi, amma ana jin nauyin ba ta kujerar gaba. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Dalilin da ya sa ba a raina kujerar

Kada wani ya ji wannan ya ce to ashe duk banza ne. Ɗalibai a Ghana sun taɓa girgiza gwamnati. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUGS, tana cikin waɗanda suka tsaya wa Janar Acheampong a 1977 da 1978, lokacin da ya kawo tsarin da zai bar soja cikin mulki ba jam'iyyu. A farkon 1982 ɗalibai suka bar aji suka tafi ƙauyuka kwaso koko zuwa bakin teku don taimakon sabuwar gwamnatin Rawlings, a 1983 kuma suka fito zanga-zanga a kan gwamnatin nan dai, aka rufe jami'o'i watanni da yawa. Asusun GETFund da muke ganin sunansa a jikin motocin makarantu da gine-ginen azuzuwa, an kafa shi a 2000, kuma NUGS na cikin waɗanda suka matsa a yi shi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Akwai kuma abin da kowane ɗan Tamale ya sani. Haruna Iddrisu ya shugabanci NUGS daga 1996 zuwa 1997, ya zama ɗan majalisar Tamale ta Kudu tun 2005, a 2025 aka ba shi ministan ilimi. Samuel Okudzeto Ablakwa ma ta kujerar NUGS ya bi. Saboda haka yaron da ke liƙa fostarsa a Dungu ba ruwan famfo kaɗai yake tunani ba, yana hangen Accra. Masu binsa ma haka, kowa na lissafin in ya hau zai tuna da shi.

Masu tsayawa a bayan fosta

A nan jam'iyyu ke shigowa. Manyan jam'iyyu biyu duka suna da reshen ɗalibai a manyan makarantu: TEIN na NDC, TESCON na NPP. Suna da shugabanninsu da tarukansu, manyan 'yan siyasa na zuwa musu. A takarda zaɓen SRC ba na jam'iyya ba ne, amma ɗalibai kan yi raɗa cewa wane na wancan ɓangare ne, wane na wannan. Tambayar da tsofaffin ɗalibai ke yi in sun ga fosta mai sheƙi ita ce: ɗalibi ɗan'uwanmu mai jiƙa gari da dare, ina ya samu kuɗin buga wannan? Wanda ya biya kuɗin fosta yana da magana a kan kujerar, ko da ba a taɓa ganin fuskarsa ba.

Ɗan kawunmu ya ba ni labarin kansa, ya ce in rubuta don ƙannensa. Ba zan faɗi makarantar ba, ba kuma zan faɗi wanda ya yi wa aiki ba. A shekararsa ta biyu ya shiga kamfen ɗin wani ɗan takara. Aka ba shi riga mai hoto, ana tura masa kuɗin data, in an fita yawo a saya musu wakye. Ya ce wallahi a lokacin ji yake shi ma wani ne, don in ya shiga ɗaki ana cewa ga mutumin wane. Wata guda yana liƙa fosta da dare yana barci da safe. Ɗan takara ya ci. Shi kuma da sakamako ya fito, ya faɗi darasi biyu, sai da ya biya kuɗi ya sake rubutawa, kuma makin nan ya bi shi har takardar gamawa. Da ya kira mutumin nasa ya taimaka da kuɗin sake jarrabawa, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya ce mini a ƙarshe shi ne, bai ce kada a shiga siyasar ɗalibai ba, shi ma ya koyi magana a gaban jama'a a can. Amma zama kusa da mai muƙami ba muƙami ba ne. Ka san abin da kake bayarwa da abin da kake karɓa.

Ƙarfin taro

Wani wurin da ɗalibai ke ganin ƙarfi shi ne ƙungiya. Akwai na ƙabila da na gari: Dagombawa da tasu, Gwanjawa da tasu, Mamprusawa, Frafra, Tonawan Kumasi, kowa da tasa, wasu har sarki suke naɗawa a cikin makaranta. Akwai na tsofaffin ɗaliban sakandare. Kada ku raina wannan: a zaɓen Disamba na 2024 manyan 'yan takara biyu duka a nan Tamale suka yi sakandare, John Mahama a Ghanasco, Mahamudu Bawumia a Tamasco. Akwai na addini, kamar GMSA ta ɗalibai Musulmi da ke nan tun 1972, da ƙungiyoyin coci iri-iri.

Amfaninsu a fili yake. Sabon ɗalibi ya sauka daga yelo-yelo da jakarsa bai san inda zai kwana ba, 'yan garinsu ne ke karɓarsa. In ya yi ciwo su ke kai shi asibiti, in aka yi masa rasuwa su ke haɗa kuɗin mota. Shi ya sa shugaban irin wannan ƙungiya, da ba shi da ofis ko kujera a majalisa, kan fi wani mai muƙami jin magana. Lokacin zaɓe kuwa wurinsa 'yan takara ke fara zuwa, don sun san in ya nuna hanya mutum ɗari na iya bi.

Illar ma daga nan take. In ɗalibi ya saba a gaya masa wa zai zaɓa don "namu ne", ya ba da kansa aro. Mu mutanen arewa mun san abin da rabuwa gida-gida ke jawowa, ba sai an ba mu labari ba.

Taro kuma in ya yi zafi ba ya jin birki. A manyan jami'o'in kudu gidajen kwana kansu ƙungiya ne, da waƙoƙinsu da sarautunsu, kamar Commonwealth a Legon, da Katanga da Conti a KNUST ta Kumasi. A 2018 hukumar KNUST ta mayar da Katanga da Conti, da a da na maza ne zalla, gidajen maza da mata. Rai ya ɓaci, aka kama wasu ɗalibai, ran 22 ga Oktoba zanga-zanga ta rikiɗe aka farfasa motoci da kayan makaranta, aka rufe jami'ar kowa ya koma gida. Wanda ya yi jifa da wanda ke ɗakin karatu duk tare suka ɗaure kaya.

Masu iko

Yanzu mu zo maganar yayana. Duk hayaniyar nan, abin da ya kai mutum jami'a takarda ce, takardar kuwa maki ne, makin yana hannun lakcara. Wannan iko ne na gaske, kuma ɗalibai sun san haka. Yaron da ke ihu a dandali in ya shiga ofishin malami murya ƙasa-ƙasa yake yi. Yawancin malamai, in ji yayyenmu, suna riƙe wannan amana yadda ya kamata. Amma inda iko ya taru a hannu ɗaya dole a yi hattara. A watan Oktoba na 2019 BBC ta fito da wani bincike da aka ɗauka a ɓoye a jami'ar Legon da ta Legas kan malamai masu neman 'yan mata da sunan taimako a karatu, daga baya Legon ta dakatar da malamai biyu. 'Yan'uwana mata, ku sani tun yanzu: akwai ofishin kula da al'amuran ɗalibai, akwai kwamishinar mata, akwai yayye a GMSA. Mai irin wannan hali da shirun yarinya yake dogara. Gaba da gabanta, shi ma akwai na sama da shi.

Tsakanin malami da aji kuma akwai wanda yayarmu ta kira sarki, wato wakilin aji, kos ref. A makon farko ake zaɓensa, sau da yawa da ɗaga hannu kawai, wani ma don shi ya fara miƙewa. Amma shi ke riƙe da zauren WhatsApp na aji, shi ke karɓar takardun lacca ya kai fotokwafi, takardar sa hannun halarta na bi ta wurinsa, shi ke roƙon malami a ƙara kwana biyu kafin a miƙa aiki. Ba fosta, ba kwat. In mai amana ne, aji duka ya huta. In mai son kai ne, sai ka ji an yi gwaji kana gida.

Akwai kuma wanda suke kira shak, wato kifin nan mai haɗiye komai: ɗalibin da karatu ya zauna masa. Duk zango ba mai kula shi. Sati biyu kafin jarrabawa sai ka ga an kewaye shi a aji da dare yana bita a allo, har mai sabon babur da mai babbar waya suna zaune a ƙasa suna rubutu. Irin muraja'ar da muke yi ce kafin imtihani. Wanda ya koyar da 'yan ajinsa bai ɓoye ba, in ya yi magana bayan jarrabawa ma ana saurare.

Inda komai ke juyewa: zango na uku

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin yayana na ƙauye. UDS tana da wani tsari da ya bambanta ta da sauran jami'o'i. Shekarar karatu kashi uku ce, a kashi na uku ba a zama a aji. Ana raba ɗalibai rukuni-rukuni, a gauraya mai karatun noma da mai karatun jinya da mai karatun koyarwa, a tura su ƙauye su zauna kusan wata biyu. Su ƙirga gidaje, su zana taswirar gari, su tambayi mutane abin da ke damunsu, su rubuta rahoto. Shekara ta biyu su koma garin nan dai.

Yayana ya ce su goma ne. Tun kafin a tashi suka zaɓi shugaba, wani ɗan Accra mai Turanci kamar ruwa, wanda kowa ya sani a makaranta don yana cikin masu kamfen. Ba wanda ya yi musu, ai shi ne sananne. A cikinsu akwai wata yarinya 'yar wajen Savelugu, ba ta cika magana ba, yayana ya ce ko sunanta bai riƙe ba sai a mota.

Da suka isa, dole a fara gaida sarki. Shugaba ya shige gaba, ya tsaya ƙiƙam, ya miƙa hannu zai gaisa, ya fara jawabi da Turanci. Fada ta yi tsit. Yarinyar nan ce ta ja rigarsa ta baya, ta cire takalmi ta tsuguna, sauran suka bi ta. Ta yi gaisuwa da Dagbanci, dattawa na jero gaisuwa tana amsa "naa, naa". Ashe tun a tasha ta sayi goro ta ƙulle a gefen mayafi, don ta san ba a zuwa fada hannu sake. Ta kuma san ba a yi wa sarki magana kai tsaye, sai ta bakin na gefensa. Da yamma ta nemi magajiyar garin, shugabar mata. Kafin magariba an share musu ɗaki biyu, an nuna musu rijiyar burtsatse, yara sun kawo itace.

Daga nan lissafi ya canja. Ba wuta kullum, balle cajin waya. Sabis sai an hau tudu. Mabiya dubu a TikTok ba sa hura murhu. Wanda ya iya tuƙa tuwo ya zama mutum. Wanda ya iya gyaran keke ya zama mutum, don da keken aro suke zuwa ƙauyukan gefe. Wani shiru-shiru mai lissafi shi ya tsara alƙaluman rahoto. Zuwa sati na biyu, in za a yanke wata shawara sai ka ji an ce bari a tambayi wance. Shi kansa shugaban, yayana ya ce, ba mugu ba ne, ya gane da wuri, ya koyi tsugunawa, durƙusa wa wada ai ba gajiyawa ba ne. Ranar da malamai suka zo duba aiki kuma shi ya gabatar da rahoto, Turancinsa ya yi musu rana. Kowa da ranarsa.

Da aka dawo makaranta, sunansa ne a saman rahoto, ita kuma ta koma cikin dubbai ba wanda ya san ta. Mutum tara ne kawai suka sani. Amma da shekara ta zagayo za a koma ƙauyen, ba a ma yi zaɓe ba. Shi ɗin ne ya fara cewa a ba ta.

Kun ga amsar maganar fosta da yayarmu ta kawo. Inda mutane ba su san juna ba, suna zaɓen mai kama da shugaba. Inda suka ci tuwo a kwano ɗaya wata biyu, suna zaɓen wanda suka gwada.

Mu kuma fa?

Yayyenmu da suka fito daga makarantu irin tamu sun ce abu biyu ke kama ɗan makarantar Arabiyya a can. Wani ya ji Turancin 'yan kudu sai ya raina kansa, ya koma bayan aji, ko tambaya ba ya yi, ya bi duk wanda ya ja shi. Wani kuma don an ba shi limancin salla sau biyu a masallacin ɗalibai sai ya ɗauka ya zama alƙalin kowa, har abokan ɗakinsa su fara ɓoye masa magana. Duka biyun sun karanta alama ne, ɗaya ya ga ba shi da ita, ɗaya ya ga ya samu.

Alhali abin da ake nema muna da shi tun daga nan. Mun saba da tashin asuba, mun saba da hadda da bita, mun san gaida manya, yawancinmu muna jin Hausa da Dagbanci da Larabci, ga Turanci muna ƙarawa. Turancin a dage a gyara shi, ba kunya ba ce ka yi kuskure a gyara maka.

In kun shiga, ku ba kanku zango ɗaya kuna kallo kafin ku sa rigar kowa. Ku samu lambar kos ref a makon farko. Ku nemi shak ɗin ajinku tun kafin jarrabawa ta matso, in kuwa ku ne shak ɗin, kada ku ɓoye. Ranar zaɓe ku fita ku zaɓa, kuɗinku ne a asusun, amma ku tambayi 'yan shekara ta uku abin da mutumin ya taɓa yi wa wani kafin ya buga fosta. Wanda kuma yake jin zai iya neman kujerar, ya nema, mace ko namiji, muna buƙatar namu masu amana a can. Sai dai ya fara da riƙe kuɗin fotokwafin aji ya dawo da canji daidai.

Na koma wa autanmu da amsar tambayarsa. Na ce masa ɗan kawu ya faɗi mai muƙami, yayanmu ya faɗi mai iko, yayarmu ta fi su kusa da mai faɗa-a-ji. Ya ce to shi wanne zai zama? Na ce ya fara gama haddar da aka ba shi tukuna.

 Inda na yi kuskure malamai su gyara mini. Allah ya ba 'yan ajin ƙarshe sa'ar jarrabawa, ya sa iyayenmu su ci amfanin wahalarsu.